Nauyin Jiki Da Nauyin Zuciya: Kada Malami Ya Jira Ƙura Ta Lafa

'Yan'uwa malamai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ofisoshin makarantunmu, tun daga Ƙaura Namoda har Shinkafi da Zurmi. Duk wanda likita ya gaya masa jininsa ya hau, ko sukarinsa ya yi yawa, aka kuma hore shi da ya rage nauyin jikinsa, amsar da yake kawo wa abokan aikinsa ba ta wuce guda: "To, sai abubuwa sun daidaita." Yakan faɗe ta da ajiyar zuciya, masu sauraro su gyaɗa kai, a ce Allah ya kawo sauƙi, kowa ya ɗauki allinsa ya nufi aji. Wannan magana tana da kamar hankali, kuma mai faɗinta ba maƙaryaci ba ne, domin lalle abubuwa ba su daidaita ba. Sai dai a ganina tana cikin abubuwan da suke cin mu a ɓoye, kuma lokaci ya yi da za mu zauna mu dube ta da idon basira.

Na san akwai wanda zai ce batun rage ƙiba a wannan yanki namu abin kunya ne, har ma cin fuska ne ga masu kwana da yunwa. Yana da hujja. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, tare da ma'aikatar lafiya, ta auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara 5 a wurare 21 na Shinkafi da Zurmi, ta tarar kashi 27 cikin 100 suna fama da tamowa. Waɗannan ƙannen ɗalibanmu ne, wasunsu ma 'ya'yanmu ne na cikinmu. Amma wanda ya lura zai ga cewa ramar yaro da tumbin uba sau da yawa a gida ɗaya suke, tukunya ɗaya ce ta haife su. Idan wake da kifi da ƙwai da nama da nono suka fi ƙarfin aljihu, abin da yake saura shi ne mai cika ciki da araha: tuwo, garin kwaki, taliya, burodi, mai da sukari. Irin wannan cima ba ta gina jikin yaro mai tasowa, babba kuwa da ya daina motsa jiki sai ta taru masa a ciki. Saboda haka malamin da ya yi teɓa a wannan zamani bai cancanci a ɗauke shi mai jin daɗi ba. Galibi shi ma talaucin ne ya taɓa shi, ta wata ƙofa dabam.

Mu tuna yadda malamin ƙauye yake a shekarun baya. Da ƙafa yake zuwa makaranta, ko a kan keke. In an tashi ya sha fura, ya saɓa fartanya ya nufi gona, domin albashi bai taɓa riƙe gida shi kaɗai ba. Da kaka gerensa da dawarsa da wakensa suna rumbu. Malama kuma, bayan aikin aji, ga daka ga ɗiban ruwa ga zumunci daga wannan unguwa zuwa waccan. Babu wanda ya kira wannan motsa jiki, rayuwa ce kawai, amma ita ce take ƙone abin da aka ci.

Sai al'amarin 'yan bindiga ya zo ya tumɓuke wannan tsari daga saiwarsa. Ba na bukatar in ba ku labarin abin da kuka gani da idanunku. Ya isa a tuna shekarar 2021 kaɗai: a ƙarshen Fabrairu aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe, ranar 1 ga Satumba aka shiga makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jiha baki ɗaya, aka katse layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako. Kafin wannan shekara da bayanta, malamai nawa ne suka baro ƙauyukan da ke kewayen Moriki da Dauran da Badarawa da Kware, suka dawo cikin gari suka kama ɗaki ɗaya na haya? Gonar da ke nesa da gari an bar wa ciyawa. Tafiyar ƙafa ta zama kasada, sai kabu-kabu. Wani iyalinsa suna Gusau wurin dangi, shi yana Ƙaura, abincinsa na safe a teburin mai shayi, na dare a wurin mai indomi. Ana cikin haka aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, farashin kowane kwanon hatsi ya yi tashin gwauron zabo.

Wannan duka ƙari ne a kan sauye-sauyen da kowane ɗan Adam yake gamuwa da su ko da ƙasa na zaune lafiya. An yi wa wani sauyin wurin aiki ba shiri. An ɗaga wani ya zama shugaban makaranta, ya bar tsayuwa gaban allo ya koma zaman kujera da cike takardu. Wani ritaya ta ƙarato, yana lissafin yadda zai rayu kafin haƙƙinsa ya fito. Wata ta haihu, wata aurenta ya mutu, wata ta fito daga takaba ta tarar da marayu biyar da albashi ɗaya.

A shekarar 1967 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, suka jera abubuwa 43 da kan girgiza rayuwar mutum, suka ba kowanne maki gwargwadon nauyinsa. Rasuwar miji ko mata suka ba ta 100, mutuwar aure 73, rasuwar ɗan'uwa na jini 63, ritaya 45, sauyin halin aljihu 38, sauya gida 20. Suka ce wanda ya tara maki 300 a shekara guda yana cikin haɗarin kwantawa ciwo. In ka duba jerin nasu ba za ka ga gudun hijira ba, ba za ka ga karo-karon kuɗin fansa ba, ba za ka ga kwana a zaune ana sauraren ƙarar babura ba, don ba su san da irin wannan rayuwa ba. Duk da haka, malamai da yawa a cikinmu za su haye 300 da ma'aunin nasu ma, tun kafin a sa namu a kai.

Yadda damuwa take komawa kitse ba tatsuniya ba ce. Idan mutum ya daɗe cikin fargaba, jikinsa yakan riƙa fitar da wani sinadari da likitoci ke kira kotizol, wanda amfaninsa shi ne ya shirya mutum domin gudu ko faɗa. In abin ya zama na kullum, sinadarin yakan ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo, ya kuma taimaka wajen tara kitse a ciki, inda ya fi haɗari. Rashin barci shi ma da nasa. A Jami'ar Chicago, a 2004, an ɗauki samari 12 lafiyayyu aka taƙaita musu barci zuwa awa 4 na dare biyu kacal, sai yunwarsu ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma abin da ransu ya fi so shi ne kayan zaƙi da masu sitaci. Dare biyu ke nan. To, ina ga wanda ya shekara yana barci da kunne ɗaya, ko yana fita sintiri da matasan unguwa, gari ya waye ya shiga aji mai yara tamanin? Idan irin wannan mutum ya zuba sukari cokali biyar a shayi, kada a yi saurin cewa ba shi da kamun kai. Jikinsa ne yake neman abin da zai tsayar da shi a ƙafafunsa.

Al'adarmu kuma ba ta taimaka ba. A wurinmu wanda ya yi ƙiba ya samu hutu, wanda ya rame yana cikin wani hali. In malami ya dawo daga dogon hutu da kumatu, gaisuwar da zai sha ita ce, "Malam, ka yi kyau, lalle uwargida na ƙoƙari." In kuwa rigarsa ta fara yi masa yawa, sai a bi shi da kallo, a koma gefe ana tambayar ko bashi ne, ko ciwo ne, ko gida ne ba lafiya. Abin ya fi tsanani ga mata, domin ramar matar aure zargi ce a kan mijinta, har ta kai wasu suna sayen ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe don kada a ce ba a kula da su, alhali cikinsu akwai masu haddasa hawan jini da ciwon sukari. Wanda ya yi niyyar rage nauyi a cikinmu, ban da yaƙi da cikinsa, sai ya shirya wa bakin mutane.

A nan ya wajaba in tsaya in raba abu biyu da Bahaushe yakan haɗa su a kalma ɗaya. Akwai ramar da mutum ya nema, akwai wadda ta zo masa ba gayyata. Idan ɗan'uwa yana cikin tashin hankali, ya ga yana zubewa alhali bai sauya cimarsa ba, kada ya yi murna ya ce damuwa ta yi masa aikin da ya kasa. Ƙa'idar likitoci ita ce, wanda ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a tsakanin wata 6 zuwa shekara ba da nufi ba, ya kamata a bincike shi. Mai kilo 70 ke nan in ya zubar da uku da rabi. Ciwon sukari da kansa yana ramar da mutum, tare da yawan ƙishirwa da yawan fitsari. Tarin fuka yana ramarwa, kuma duk tarin da ya wuce mako biyu, musamman da zufar dare, abin gwadawa ne. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma mu da muke yini cikin yara a ɗaki mai cunkoso muna da haƙƙinsu a wuyanmu. Akwai kuma baƙin cikin da yake zama ciwo, ya ɗauke wa mutum sha'awar abinci da barci da magana. Wannan ma na likita ne, ba a barinsa ga "yi haƙuri" kaɗai. Duk abin da zan faɗa daga nan bai shafi mai irin wannan rama ba. Shi asibiti ya kamata ya nufa, a cikin makon nan.

Maganata da wanda aka auna aka ce ya rage, shi kuma ya ce sai ƙura ta lafa. Tambayar da zan yi masa ita ce, yaushe? Wannan fitina ta haura shekara goma. Yaron da aka sa aji ɗaya lokacin da ta fara, yau ya gama sakandare in Allah ya sa makarantarsa ba ta rufe ba. Muna roƙon Allah ya kawo ƙarshenta gobe, amma wanda ya ɗaura lafiyarsa a kan ranar da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi za ta zama ta bi da dare, jiran gawon shanu yake yi. Hawan jini kuwa ba ya jira. Ba ya ciwo, ba ya sallama, yana nan yana cin jijiya da ƙoda da ido, sai ranar da mutum zai faɗi a bakin rijiya ko a gaban allo, a ce ɓarin jiki ya shanye. Kowannenmu ya san wani da haka ta faru da shi. Kuma kowa ya san abin da yake biyo baya a gidan malami: kuɗin asibiti a Gusau ko Sakkwato, takardar neman taimako tana zagaya makarantu, yara su bar karatu. Ƙungiyarmu ta daɗe tana fafutukar a tsawaita shekarun aikin malami, har aka sa hannu a dokar tarayya ta 2022 mai cewa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Wace riba ke cikin wannan ga wanda jikinsa ya ajiye aiki yana da hamsin da biyu?

Ban jahilci abin da za a mayar mini ba. Za a ce mutumin da kansa ya ɗau zafi, ka zo ka ɗora masa wani sabon wajibi, ai rashin tausayi ne; wanda yake neman inda zai kwantar da 'ya'yansa ba shi da sararin ƙirga lomar tuwo. Akwai gaskiya a nan, kuma akwai waɗanda ni ma zan ce su dakata. Wanda aka yi wa rasuwa jiya, ko ɗan'uwansa yana hannun mutanen daji, abin da ake so gare shi ya ci, ya sha ruwa, ya sha maganinsa, ya samu barci. Mai juna biyu ba ta rage nauyi, mai shayarwa kuma sai da shawarar ma'aikatan lafiya. Amma wannan dakatawa ta makonni ce, tana da iyaka. Inda na saɓa da masu wannan ra'ayi shi ne zaton da suke yi cewa rage nauyi wani gagarumin aiki ne, mai bukatar kwanciyar hankali da kuɗi da abinci na musamman. Wannan hoto daga Facebook da TikTok muka samo shi, inda ake nuna mutum ya zubar da kilo talatin a wata uku. Wanda ya ɗauka haka abin yake, dole ya ce ba yanzu ba.

Abin da ake bukata bai kai haka ba. An yi wani babban bincike a Amurka, aka bayyana sakamakonsa a 2002, a kan mutum 3,234 waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ga ciwo ba. Aka ɗora wa kashi ɗaya daga cikinsu buri biyu kawai: su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako. Cikin kusan shekara uku, kamuwa da ciwon sukari a tsakaninsu ta ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da waɗanda aka ba ƙwayar magani, su da tasu ta ragu da kashi 31. A yi lissafi irin na aji huɗu: mai kilo 90, kashi 7 nasa kilo shida ne da 'yan kai. Idan ya raba shi a zangon karatu uku, kilo biyu ne a zango. Minti 150 kuwa rabin awa ne a kwana biyar, daidai da ranakun makaranta. Ba wanda zai kalle shi ya ce ya rame, amma ma'aunin jini da na sukari za su shaida.

Akwai ma wani abu da ba a cika lura da shi ba, wato shi kansa sauyin rayuwa ƙofa ce. Ɗabi'a a jikin wuri da lokaci take rataye: wannan mai shayin, wannan benci, wannan sa'a. In mutum ya tashi daga wurin, igiyar ta tsinke, dole ya ƙulla sabuwa ko yana so ko ba ya so. Wani masani a Jami'ar Bath ta Ingila, Bas Verplanken, da abokiyar aikinsa sun gwada haka a kan mutum 800, suka wallafa a 2016: shawarar sauya ɗabi'a ta fi kama waɗanda ba su daɗe da sauya gida ba, kuma wannan dama takan kai kimanin wata uku kafin sababbin ɗabi'u su daskare. Nasu binciken a kan tattalin ruwa da wuta da makamantansu ne, kuma mutanensu da mota suka kwashe kaya, ba da harbi aka tashe su ba, don haka ba zan ja maganar fiye da ƙarfinta ba. Amma hankali ya yarda da ita. Malamin da aka kai sabuwar makaranta a wannan zango, a makonnin nan ne zai tsayar da ko da ƙafa zai riƙa zuwa ko da kabu-kabu, ko me zai karya da shi, ko wa zai zauna da shi da yamma. In bai zaɓa ba, gajiya za ta zaɓa masa, kuma abin da ta zaɓa shi zai bi shekaru.

To, da me za a fara? Da awo. Mutum ya san lambar jininsa. Abin da ya kai 140 bisa 90 kuma ya maimaita, na ganin likita ne. Wanda ba shi da sikeli ya ari tef wurin tela ya zagaya cikinsa a saitin cibiya: abin da ake so kada ya kai rabin tsawonsa, wato mai tsawon santimita 170 kada cikinsa ya wuce 85. Ko zare ma ya isa, a auna tsawo da shi, a ninka biyu, a ga ko zai zagaye ciki. Ya rubuta a bayan littafin shirin darasi da kwanan wata, ya sake dubawa a ƙarshen wata, kada ya mai da shi abin kullum.

Bayan awo sai abu ɗaya, kuma da gangan na ce ɗaya. Mutumin da rayuwa ta yi wa yawa ba zai iya riƙe dokoki goma ba, in ya karya ta uku sai ya watsar da sauran ya ce shi ba mai iyawa ba ne. In ni za a tambaya, a fara da abin sha, domin nan ne sukari ya fi shiga ba a sani ba, kuma barinsa ba ya cin ko kwabo, ragin kashe kuɗi ma yake kawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babba, wajen cokalin shayi 12, in ya yi rabin haka ma ya fi. Kwalbar lemo guda mai santilita 35 tana ɗauke da kusan cokali 9. A ƙara da shayin safe mai madarar gwangwani, da kunun zaƙi ko zoɓon da aka saya a bakin makaranta, da sukarin da ake ɗura wa fura yanzu, abin da kakanninmu ba su san shi ba. Wanda ya mai da cokali biyar ya koma biyu, ya bar lemon kwalba sai ranar biki, ya riga ya yi rabin tafiya ba tare da ya taɓa tuwonsa ba.

In wannan ya zauna, bayan wata guda ko biyu, sai a dubi ƙafa. A halin da muke ciki ba zan ce wa kowa ya fita bayan gari da asuba ba. Amma cikin gari da rana, daga gida zuwa makaranta, ko zagaye filin makaranta kafin a buga ƙararrawa, ko sauka daga babur tun da sauran tafiya, duk suna shiga lissafi, kuma minti goma sau uku daidai yake da talatin. Malamai mata su yi ta biyu-biyu ko uku-uku, ya fi sutura ya fi daɗi. Tafiyar ma tana sauke wani abu daga ƙirji wanda sikeli ba ya nunawa, ta kuma kawo barci.

Tuwo shi ne na ƙarshe, kuma ba a ce a bar shi ba. Malmala uku ta koma biyu, miya ta ƙaru, a ci da wuri kada a kwanta a kansa. Abin da ya fi dacewa da mu yana nan a kasuwar Ƙaura da ta Shinkafi tun kafin a haife mu: wake, gero da dawa da ba a surfe su sun yi fari fat ba, zogale, tafasa, yakuwa, kuɓewa, kabewa, ƙuli-ƙuli, da ita rama ta kwaɗo, wadda sunanta kawai ya yi kama da abin da ake tsoro. Mai hawan jini ya sa ido a kan gishiri, domin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi a yini bai kai cikin cokalin shayi ɗaya ba, kuma ɗanɗanon dunƙule da ake jefawa huɗu-biyar a tukunya, kaso mai yawa na jikinsa gishiri ne. Daddawa tana nan. Sai dai wannan mataki ba na mutum ɗaya ba ne. Maigida ba zai sauya cima ba sai ya zauna da mai girki ya gaya mata abin da likita ya ce, don kada ta ga ya rage ci ta ɗauka fushi ne. Malama kuma tana bukatar mijinta ya tsaya mata a gaban dangi in aka fara cewa ta lalace.

Ina jan kunne a kan gajerun hanyoyi. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a waya da jarkokin haɗe-haɗe na bakin tasha, mafi yawansu gudawa ko fitsari suke sa mutum, ruwa ya fita kitse na nan, wani lokaci a bar ƙoda da jinya. Zama da yunwa yini guda sannan a rama da dare shi ma ba ya kai ko'ina. Mai shan maganin sukari kada ya tsiri yawan azumin nafila ko tsallake abinci don neman rama sai ya tambayi likitansa, domin sukari yana iya faɗuwa ƙasa warwas. Wanda kuma ya ga ya ɗan sauka, kada ya yanke wa kansa hukuncin ajiye maganin hawan jini. Kuma za a yi makon da komai zai rushe, a kawo hari, ko albashi ya makara, ko a yi baƙi. In ya wuce sai a ɗora daga inda aka tsaya, kamar yadda muke yi da manhaja bayan an buɗe makaranta.

Saura ƙungiya, domin ban yarda wannan nauyi na mutum shi kaɗai ba ne. Abin da ya jawo shi ai yanayin aiki ne da yanayin ƙasa, kuma tun da aka kafa NUT a 1931 aikinta ke nan, duba halin da malami yake aiki a ciki. Mun iya karo-karo in ɗan'uwa ya faɗi, mun iya zuwa ta'aziyya cikin ayari. Na'urar awon jini ta hannu da sikeli da tef, kuɗinsu gaba ɗaya bai kai abin da muke tarawa a jinya guda ba. Me zai hana kowane reshe, Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, ya mallake su, a ajiye a inda ake taro, a roƙi wani ma'aikacin lafiya daga cikin iyayen ɗalibanmu ya riƙa zuwa sau ɗaya a zango? A tanadi mace da za ta auna mata, a kuma kiyaye sirri, lambar mutum tasa ce shi kaɗai. Masu adashi da ƙungiyoyin taimakon kai da kai su dubi sayen wake da gero a dunƙule da kaka, lokacin da farashi yake ƙasa, a raba a biya a hankali. Shugabanninmu kuma, in sun zauna da hukumomin ilimi, su sa batun sauyin wurin aiki a kan tebur: a riƙa ba da wa'adi, a dubi inda iyalin mutum suke, domin malamin da aka raba da tukunyar gidansa an riga an miƙa shi ga mai shayi da mai indomi. Su kuma bi mana diddigin abin da tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha ya tanada game da awon jini da na sukari, a zo a yi mana bayani dalla-dalla.

Akwai ƙaramin abu da za mu iya yi tun a zama mai zuwa ba tare da neman izinin kowa ba. Kiret ɗin lemon da aka saba jerewa a gaban manyan baƙi da wakilan makarantu, a musanya shi da ruwa mai sanyi da gyaɗa, kuɗin da ya ragu a fara tara na na'urar awo da shi. Ina roƙon sakataren reshe ya sa wannan a jerin abubuwan da za a tattauna, a kuma ba wakilan makarantun da ke wajen gari dama su faɗi ranar da ta fi musu sauƙin shigowa.